Cuardaigh: ma'ana, asali da nahawun kalmar "nema" a harshen Ailan

Wanda ya buɗe shafin intanet na wata ma'aikatar gwamnatin Ailan, ya zaɓi harshen ƙasar maimakon Ingilishi, zai tarar da kalmar *Cuardaigh* a jikin akwatin da ake rubuta abin da ake nema. A wani shafin kuma *Cuardach* zai gani a daidai wannan wuri. Idan ya leƙa labarai sai ya ci karo da *chuardaigh na gardaí teach*, wato 'yan sanda sun bincike wani gida, ko kuma *cuardaíodh teach*, an bincike wani gida. Idan ya saurari mutumin gundumar Donegal yana magana a rediyo, abin da zai ji shi ne *ag cuartú*. Siga biyar ke nan, kuma mai koyo yakan ɗauka kalmomi ne daban-daban ko kuma wani ne ya yi kuskuren rubutu. Dukansu daga saiwa ɗaya suke, kuma kowane sauyi yana da ƙa'idarsa.

## Abin da ya taso da maganar

Harshen Ailan, wanda masu shi ke kira Gaeilge, yana cikin dangin harsunan Keltik, kuma 'yan uwansa na kusa su ne Gelik na Sikotland da harshen tsibirin Man. Kundin tsarin mulkin ƙasar na 1937 ya ayyana shi a matsayin harshen hukuma na farko, Ingilishi na biyu. A aikace kuwa Ingilishi ne ya mamaye gida da kasuwa. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum kusan miliyan 1.87 sun ce suna iya harshen, wato kimanin kashi 40 cikin 100 na masu shekara uku zuwa sama, amma waɗanda ke magana da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce 72,000 ba.

Dokoki uku ne suka ƙara fito da shi fili a 'yan shekarun nan. A 2021 aka yi wa dokar harsunan hukuma gyara, aka sa burin cewa kafin ƙarshen 2030 kashi 20 cikin 100 na sababbin ma'aikatan gwamnati su kasance sun iya harshen, aka kuma wajabta wa hukumomi su riƙa fitar da kashi 20 cikin 100 na tallace-tallacensu da shi. Daga 1 ga Janairun 2022 ya zama cikakken harshen aiki a Tarayyar Turai, bayan shekaru 15 da aka yi ana fassara wani ɓangare kawai na dokokin Tarayyar zuwa cikinsa. A Disambar 2022 kuma majalisar Birtaniya ta ba shi matsayi a hukumance a Ailan ta Arewa. Sakamakon haka, mutanen da suka ajiye harshen tun barinsu sakandare sun dawo suna cin karo da shi a fom, a allon talla, a manhajar waya. Kalmar nema tana cikin na farkon da ido ke gani, domin shafukan intanet da yawa suna da akwatin bincike.

## Me kalmar ke nufi

*Cuardaigh* tana ɗauke da ayyuka biyu waɗanda Hausa ta raba su. Na farko shi ne bincike wuri ko mutum: a shiga gida a duba ɗaki-ɗaki, a laluba aljihu, a caje jaka a filin jirgi. Na biyu shi ne neman abin da ya ɓace ko abin da ake bukata. Babu wata alama a jikin aikatau ɗin da ke bambance su. Karɓau yana biyo shi kai tsaye a duka biyun, don haka *chuardaigh siad an fear* yana iya zama sun caje mutumin, yana iya zama sun nemi mutumin. Yanayin zance ne ke warwarewa. A rahoton 'yan sanda ko takardar kotu ma'anar farko ce ta fi rinjaye, musamman idan abin da ya biyo baya gida ne, ko mota, ko fili.

A nan ne mai tunani da Ingilishi ke yawan tuntuɓe. A Ingilishi ana saka wata ƙaramar kalma, *for*, tsakanin aikatau da abin da ake nema domin a bambance shi da wurin da ake bincikewa, shi ya sa ɗalibi yakan lalubo makamanciyarta a Gaeilge ya cusa. Malaman harshen suna kiran irin wannan *Béarlachas*, wato Ingilishi sanye da rigar Gaeilge. Bahaushe ba zai ga abin mamaki a tsarin asalin ba, tun da shi ma "na nemi makulli" yake cewa, babu komai a tsakani.

## Daga ziyara zuwa bincike

Saiwar kalmar suna ce: *cuairt*, wadda a tsohon harshen ake rubutawa *cúairt*. Ma'anarta ta farko ita ce zagaye ko kewaye. Daga nan ta zama rangadi, irin wanda sarki ke yi a ƙasarsa domin karɓar haraji da mubaya'a, da kuma yawon da mawaƙan fada ke yi daga gidan wannan basarake zuwa na wancan. Tarihin Ailan ya adana labarin Muirchertach mac Néill, wani sarkin arewa wanda ya zagaya tsibirin da rundunarsa a shekarar 941, yana karɓar 'ya'yan sarauta a matsayin jingina. A harshen yau *cuairt* ta sauko ta zama ziyara ta yau da kullum. *Ar cuairt* na nufin mutum ya zo ziyara, *cuairteoir* kuma baƙo ne ko ɗan yawon buɗe ido. Tsohuwar ma'anar tana nan a kalmar *máguaird*, wato kewayen wuri.

Domin a mayar da suna aikatau, Gaeilge tana liƙa masa ɗafa-ƙeya *-aigh* ko *-igh*. *Neart* ƙarfi ne, *neartaigh* ƙarfafa. *Masla* zagi ne, *maslaigh* zaga. Haka Hausa ke fitar da "tsorata" daga "tsoro", ko "ƙarfafa" daga "ƙarfi". Da aka yi wa *cuairt* haka sai aka sami aikatau mai nufin zagayawa, wanda tsofaffin rubuce-rubuce suka adana a sigar *cúartaigid*. Tafiyar ma'anar daga nan ba ta da wuyar bi. Wanda akuyarsa ta ɓace zagaya unguwa yake yi, wanda ke binciken gida yakan bi ta kowane lungu har ya dawo inda ya fara. A hankali zagayen ya dushe, manufar zagayen ta tsaya a matsayin ma'ana.

Wannan asali ne ya bayyana dalilin da ya sa kalmar ta fi dacewa da wuri. Ana zagaya gida ko gona, ana kewaya gari. Shi ya sa da aka zo sa wa akwatin bincike na kwamfuta suna, inda manhaja ke bin tarin bayanai tana dubawa, ita aka ɗauka.

Sai a kiyaye da wata kalma mai kama da ita, *cúirt*, wato kotu ko fada. Wannan aro ce daga Faransancin Normawa, waɗanda suka shigo Ailan daga 1169, kuma ba ta da dangantaka da *cuairt* duk da kusancin rubutunsu.

Batun *d* da *t* ma, wato bambancin *cuardaigh* da *cuartú* na Donegal, daga sunan ya samo tushe. A wasu yankuna, musamman kudu, *cuaird* ake cewa maimakon *cuairt*. Kowace siga ta haifi nata aikatau: *cuardaigh* a nan, *cuartaigh* a can.

## Sauran kalmomin nema

Gaeilge ba ta dogara da kalma ɗaya ba, kuma kowace daga cikin sauran tana da hoton da ta fito daga gare shi.

Babbar abokiyar takarar ita ce *lorg*. A matsayin suna, *lorg* sawu ne ko alamar da abu ya bari. *Lorg coise* sawun ƙafa ne, *méarlorg* zanen yatsa, *lorgaire* mai bin sawu. A matsayin aikatau kuwa nema ne, amma neman abu, ba binciken wuri ba. Ba a cewa an yi *lorg* ɗin gida da nufin an caje shi. Idan mutum ya ce *tá mé ag lorg tí*, gidan da zai zauna yake nema. Ita ce kalmar da aka fi ji a neman aiki, neman taimako, neman shawara, neman diyya. Don haka idan ana so a kauce wa harshen damon da ke cikin *cuardaigh*, sai a bar mata wuri a ba *lorg* abin da ake nema. A Gelik na Sikotland wannan kalma ta ƙara gaba, har tana nufin samun abin bayan an neme shi.

Ta uku ita ce *tóraigh*, daga *tóir*, wato bi da gudu ko farauta. A Conamara da ke yammacin ƙasar *ag tóraíocht* magana ce ta yau da kullum, mutum na iya faɗinta a kan hularsa da ya rasa. Wannan saiwa ta yi tafiyar da ba a zata ba. A ƙarni na 17 ana kiran mutanen Ailan da aka ƙwace wa filaye suka shiga daji da suna *tóraí*. A rikicin gadon sarautar Ingila na 1679 zuwa 1681 sai aka jefi magoya bayan James, ƙanin Sarki Charles na Biyu, da wannan suna a matsayin zagi. Sunan ya manne, kuma shi ne Tory da ake kiran 'yan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Birtaniya da shi har yau.

Akwai *ransaigh*, bincike na hargitsa kaya, wanda ake dangantawa da kalmar tsohon harshen mutanen arewacin Turai *rannsaka*, binciken gida. Akwai *iarr*, wadda ta fi karkata ga roƙo da bukata. Akwai kuma *sir*, tsohuwar kalma da yanzu aka fi gani a adabi.

## Dalilin da goshin kalma ke sauyawa

Aikatau na Hausa ƙeyarsa ce ke motsi. Mukan ce "abin da na nema", "na nemi kuɗi", "na neme shi", kuma abin da ya biyo bayan kalmar ne ke jawo sauyin. A Gaeilge ƙeya tana motsi, goshi ma yana motsi, kuma abin da ya gabaci kalmar ne ke motsa goshin. Wannan shi ne babban abin da ke rikita mai duba ƙamus, domin zai nemi kalma a ƙarƙashin *g* alhali tana ƙarƙashin *c*.

Sauyin iri biyu ne. Na farko sunansa *séimhiú*, tausasawa. Ana rubuta *h* bayan baƙin farko, sai *c* ta zama *ch*, a furta ta daga maƙogwaro kamar harafin *kha* na Larabci. A tsohon salon rubutu, wanda aka yi amfani da shi a makarantu har tsakiyar ƙarni na 20, ɗigo ake sawa a saman harafin maimakon *h*. Na biyu sunansa *urú*, rufewa. Ana rubuta wani baƙi a gaban na asali, a furta sabon a bar tsohon a rubuce kawai, don haka *gc* furucinta *g* ne.

Ga yadda abin yake a aikace. *Cuardaíonn sé*, yakan bincika. *Ní chuardaíonn sé*, ba ya bincikawa, domin kalmar korewa *ní* tana jawo tausasawa. *An gcuardaíonn sé?*, yakan bincika kuwa?, domin kalmar tambaya *an* tana jawo rufewa. A lokaci shuɗaɗɗe kalmomin kan zama *níor* da *ar*, kuma dukansu tausasawa suke yi: *níor chuardaigh sé*, *ar chuardaigh sé?* A hani kuwa babu sauyi: *ná cuardaigh*, kada ka bincika.

Asalin wannan tsari furuci ne zalla. A harshen da aka sassaƙa a jikin duwatsu da tsohon rubutun da ake kira Ogham, wajen ƙarni na 4 zuwa na 6, kalmomi suna da dogayen ƙarshe. Idan kalma ta ƙare da wasali, baƙin da ya biyo ta yakan yi laushi a baki. Idan ta ƙare da sautin hanci, sai ya shafi na gaba ta wata hanyar. Daga baya waɗannan ƙarshe suka zube, amma tasirinsu ya zauna, har ya koma shi ne ke ɗauke da ma'ana. Misali mafi kusa shi ne shuɗaɗɗen lokaci. Dā akwai ƙaramar kalma *do* a gaban aikatau, ita ke jawo tausasawa. A yawancin yankuna ta faɗi, ta bar *h* kaɗai, shi ya sa bambancin umarni *cuardaigh* da labari *chuardaigh* harafi ɗaya ne tak. A kudancin ƙasar har yanzu akan ji *do* ɗin a bakin wasu, kuma a ko'ina tana nan a gaban wasali, kamar *d'iarr mé*, na roƙa. *Lorg* kuwa ba ta nuna komai a rubuce, domin ba a sa wa *l* alamar tausasawa: *lorg mé*, na nema.

## Lokuta da tsarin jimla

Aikatau na Gaeilge rukuni biyu ne, ban da guda 11 da ba sa bin ƙa'ida. *Cuardaigh* tana rukuni na biyu, na masu gaɓa biyu ko fiye. Ana cire *-aigh* a liƙa ƙarshen da ya dace. A lokacin sabo: *cuardaím*, nakan bincika, *cuardaímid*, mukan bincika. A mai zuwa alamar ita ce doguwar *ó*: *cuardóidh mé*, zan bincika, *cuardóimid*, za mu bincika. A sharaɗi: *chuardóinn*, da na bincika. A sabon da ya wuce: *chuardaínn*, dā nakan bincika. Umarni ga jama'a *cuardaígí* ne. Abin da aka riga aka bincike kuma *cuardaithe*.

Aikatau ne ke buɗe jimla, sai aikau, sai karɓau. *Chuardaigh na gardaí an teach*, idan aka bi shi kalma-kalma, "bincike 'yan sanda gidan" ne, irin jerin da ɗalibin Larabci ya sani a jimlar fi'ili. Harshen kuma ba shi da "e" ko "a'a". Idan aka tambayi mutum *ar chuardaigh tú an mála?*, ka bincike jakar?, amsarsa ita ce ya maimaita aikatau: *chuardaigh* ko *níor chuardaigh*. Saboda haka wanda bai iya sarrafa goshin kalma ba, ko amsa gajeriyar tambaya ba zai iya ba.

## Wurare biyu da suka yi kama da Hausa

Littattafan koyar da Gaeilge kusan duk an rubuta su ne domin mai jin Ingilishi, kuma abubuwa biyu da suke ɗaukar shafuka suna bayani a kai, Bahaushe yana da su a bakinsa.

Na farko shi ne sigar da ake kira *saorbhriathar*, aikatau mai 'yanci, wanda ba a ambaci mai aikin ba. *Cuardaíodh an teach*, an bincike gidan. *Cuardaítear málaí*, akan bincike jakunkuna. *Cuardófar an carr*, za a bincike motar. Wannan daidai yake da "an", "akan" da "za a" namu: akwai wanda ya yi aikin, ba a dai faɗe shi ba, kuma gidan yana nan a matsayinsa na karɓau. Ita ce sigar da ta cika labarai da sanarwar hukuma. Abin lura ɗaya shi ne, a daidaitaccen harshe shuɗaɗɗen wannan siga ba ya ɗaukar tausasawa. *Cuardaíodh* na nufin an bincika, *chuardaíodh sé* kuwa dā yakan bincika.

Na biyu ya fi zurfi. Domin a ce aiki yana gudana, Gaeilge takan ɗauki sunan aikin, wato *cuardach*, ta sa masa *ag* a gaba. Ainihin ma'anar *ag* ita ce "a" ta wuri. *Tá sé ag an doras*, yana bakin ƙofa. *Tá sé ag cuardach*, yana bincike. Hausa ma da kalma ɗaya take faɗin "yana kasuwa" da "yana nema". Tun da *cuardach* suna ne, abin da ya biyo shi yakan shiga sigar mallaka. Gida *teach* ne, amma yana binciken gidan *tá sé ag cuardach an tí* ne. Aiki *obair* ne, amma tana neman aiki *tá sí ag lorg oibre* ne. Mu ma ba ma cewa "yana nema aiki". Mukan ce "yana neman aiki", da mahaɗin nan *-n* wanda ke cikin "gidan Audu". Bambancin kawai shi ne Hausa tana sa alamar a jikin kalmar farko, Gaeilge tana sauya ta biyu.

Idan wakilin suna ne ya biyo baya, kamannin yakan ƙara fitowa. Hausa na cewa nemansa, nemanta, nemansu, da wakilan mallaka. Gaeilge ma na mallaka take amfani da su, sai dai nasa, nata da nasu duk harafi ɗaya ne, kuma goshin kalmar da ke biye ne ke raba su: *á chuardach*, nemansa, *á cuardach*, nemanta, *á gcuardach*, nemansu. Idan jami'an ceto suka ba da sanarwa, wannan harafi ɗaya ne zai gaya wa mai sauraro ko namiji ake nema, ko mace, ko mutane da yawa.

Daga nan kuma ake gane wani abin da ke ɗaure kai. Sigar mallaka ta sunan *cuardach* ita ce *cuardaigh*, rubutu ɗaya da umarni. A *inneall cuardaigh*, injin bincike na intanet, da *barántas cuardaigh*, takardar izinin bincike daga kotu, kalmar ba umarni ba ce, "na bincike" take nufi. A jikin maɓallin shafi kuwa umarni ce: bincika. Shafin da ya rubuta *Cuardach* ya zaɓi suna ne, bincike. Duka biyun daidai ne.

## Saɓanin da ke tsakanin masu harshen

Gaeilge tana da manyan karuruwa uku: na Munster a kudu, na Connacht a yamma, na Ulster a arewa. Ko furucin wannan kalma ya bambanta. Mutumin Kerry da ke Munster yakan ƙare ta da *g*, kusan "kuwardig". A Conamara ƙarshen gajeren wasali ne. A Donegal kuma sautin *i* ne, kuma a can *cuartaigh* da *cuartú* aka fi sani. A kudu akan haɗe wakilin suna cikin aikatau a ce *chuardaíos* maimakon *chuardaigh mé*.

Bayan samun 'yancin kai a 1922 gwamnati ta bukaci siga ɗaya ta rubuta dokoki da littattafan makaranta. Sashen fassara na majalisar dokoki ya sauƙaƙa ƙa'idar rubutu a 1945 da 1947, sannan a 1958 ya fitar da daidaitaccen nahawu, *An Caighdeán Oifigiúil*, wanda aka sake dubawa a 2012 da 2017. Gyaran ya zubar da haruffan da ba a furtawa. Ƙamusun Patrick Dinneen, wanda ya fito a 1904 aka faɗaɗa shi a 1927, yana jera aikatau ne a sigar "ni" da tsohon rubutu, don haka a can *cuarduighim* za a nema. Na Niall Ó Dónaill na 1977, wanda ya zama madogara, yana jera su a sigar umarni, kuma *cuardaigh* ya ɗauka a matsayin babbar siga.

Masu goyon bayan daidaitawa suna cewa harshen da masu magana da shi kullum ba su kai 100,000 ba ba zai iya ɗaukar rubutu iri uku a doka da jarrabawa da manhaja ba. Mai fassara a ofishin Tarayyar Turai a Brussels da malami a Dablin suna bukatar siga ɗaya, kuma injin bincike kansa yana aiki ne idan mutane suna rubuta kalma iri ɗaya. Masu kare karin harshe suna amsawa da cewa ƙarfin harshen yana yankunan da ake kira Gaeltacht, inda kimanin mutum 20,000 ke magana da shi kullum, kuma idan yaron Donegal ya ga kalmar gidansu ba ta cikin littafi yakan ɗauka ta kakarsa kuskure ce. Suna ƙarawa da cewa *cuartaigh* ta fi kusa da *cuairt* da kowa ke rubutawa. A ƙa'ida, daidaitaccen tsarin na rubutun hukuma ne, bai haramta sauran sigogi ba, kuma bai tsayar da furuci ɗaya ba. Gidan rediyon Raidió na Gaeltachta, wanda aka kafa a 1972, da tashar talabijin ta TG4, wadda ta fara a 1996, suna barin kowane mai gabatarwa da karinsa. Matsalar takan taso ne a aji, idan malamin da ya koyi harshen daga littafi ya ja jan layi a ƙarƙashin abin da bai saba gani ba.

Akwai saɓani na biyu, a kan sigar mallaka bayan sunan aiki. Matasa da yawa, har da 'yan Gaeltacht, sukan bar sunan yadda yake, su ce *ag cuardach an teach*. Wasu masana na ganin wannan sauyi ne irin wanda kowane harshe mai rai ke yi, kuma ya daɗe da farawa a wasu karuruwan. Wasu na ganin alama ce ta raunin da matsin Ingilishi ya jawo. Rubutun hukuma dai har yanzu *an tí* yake bukata.

## Wanda abin ya shafa

Ɗalibi ne na farko. Gaeilge darasi ne na dole a makarantun da gwamnati ke ɗaukar nauyi, tun daga firamare har jarrabawar ƙarshen sakandare, sai wanda aka yi wa rangwame bisa sharuɗɗa. Wannan ya haɗa da 'ya'yan baƙin da suka zauna a ƙasar, cikinsu har da 'yan Nijeriya. Yaron da ya fahimci *cuardaigh* ya sami mabuɗin ɗaruruwan aikatau na rukuni na biyu, domin *ceannaigh*, saya, da *tosaigh*, fara, duk haka suke tafiya. Mai son koyarwa a firamare kuma sai ya nuna shaidar iya harshen.

Na biyu shi ne mai neman aikin gwamnati. Burin kashi 20 cikin 100 na nufin iya rubuta daidaitacciyar siga zai ƙara daraja a kasuwar aiki, a cikin gida da kuma ofisoshin fassara na Tarayyar Turai. Wannan na iya ƙara rinjayen *cuardach* a kan *cuartú* a rubuce, ko da baki bai bi ba.

Na uku shi ne wanda ya shiga hannun doka. Kundin tsarin mulki ya ce ba a shiga gidan ɗan ƙasa da ƙarfi sai bisa doka, ya kuma ce idan nassin Gaeilge da na Ingilishi na kundin suka saɓa, na Gaeilge ne ke rinjaye. Haka ma dokar da aka zartar da harsunan biyu. Mutum yana da damar yin shari'arsa da Gaeilge. Saboda haka mai fassara takardar kotu ba shi da sararin barin harshen damon da zancen baki ke jurewa. Idan izinin caje mutum ne ko gidansa, *cuardach* ce kalmar, kuma dole jimlar ta fayyace wurin ko mutumin da za a caje. Idan kuwa cigiyar wanda ya ɓace ake yi, *lorg* ta fi tsare ma'ana, ko da yake masu aikin ceto a teku da tsaunuka suna kiran aikinsu *cuardach agus tarrtháil*, bincike da ceto, domin su yanki suke zagayawa.